Wanda Ke Ɗauke da Gidan Alhaji Lado

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran yammaci ba, in ban da ƙurar siminti da ta kwanta a kan ganyen zogalen tsakar gida. Leburori sun tashi tun bayan la'asar, sun wanke kwanon sarki da shebur sun jingine a zaure. Hajiya Sailuba tana tankaɗe a ƙofar kicin. Jemagu sun fara sauka daga rimin da ke wajen Ƙofar Kuyambana, suna ratsa sararin da ya soma yin ja. Maigidan kuwa, Alhaji Lado, yana tsaye a lungu, hannuwa a baya, yana kallon saman gidansa kamar baƙon da ya zo wucewa abin ya burge shi.

Bene yake ɗorawa. Mutum ya yi aikin gwamnati har ya ajiye da mutuncinsa, a ce kuma ba zai hau sama ya sha iska ba? Gidan na gado ne, tun na kakansa marini. Shi Ladon ne ya rushe katangun laka shekarun baya, ya mayar da su bulo, ya zuba dakin, wato rufin kankare, a sama, amma harsashin ginin bai taɓa shi ba. Da ya tashi ƙarin bene sai ya kira ɗan ƙanwarsa, Rilwanu, injiniya, wanda shi Ladon ya yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Yaron ya sa aka haƙa gefen katanga, ya shiga ramin da kansa, ya daɗe, ya fito yana karkaɗe wando.

"Kawu, harsashin nan yana da zurfi, mutanen da sun yi aiki. Amma kusurwar ɗakin kudu a bakin tsohuwar rijiyar rini take zaune. Ni ban ma san abin da ke riƙe da ita ba. Sai mun ƙarfafa ƙasa tukuna. A haƙa ƙarƙashin katangar gaɓa-gaɓa, a haƙa nan a tsallake nan, a sa rodi a zuba kankare, ya bushe, sannan a taɓa na kusa da shi. Mu saukar da ginshiƙai har su taka ƙasa mai tauri. Kafin nan ko bulo ɗaya kada ya hau sama."

Ya faɗi haka ya tafi wani aiki Kaduna, ya bar kawunsa da ramuka.

To, aikin da ake yi a ƙarƙashin ƙasa wa ke ganinsa? Duk wanda ya leƙo zaure sai ya tambaya ko gafiya ake nema. A majalisar ƙofar masallaci har wani ya ce Alhaji Lado ya yi alkawarin hawa sama, ga shi kullum ƙasa yake yi. Wannan magana ta kwana a ransa. Shi da gidansa, shi da bulonsa, yaron da ya ga ranar sunansa ne zai ce masa kada? Ya sa aka kwashe bulon nan kaf aka jibge a saman dakin, aka hau da tankin ruwa aka cika shi, magini ya fara jera layi. Daidai saman ɗakin kudu aka tara mafi yawa, domin nan ne ake hangowa daga lungu. Ya tuna cewa tsofaffin gidan ba sa barin a shanya ko kuɓewa a saman ɗakin nan, kakarsa ta taɓa zane shi da tsintsiya don ya hau ɗauko ƙwallo. Ya tuna, ya yi murmushi. Tsofaffi da dokokinsu.

'Yarsa Tayyiba, wadda ke karatu a jami'a a Kongo, ta dawo a gajiye ta ajiye jaka, ta ɗauki buta ta tsuguna a gefen ɗakin kudu za ta yi alwala. Nan ne ɗakin kwananta. Ramin da aka haƙa a gindin katangar yana kusa da ƙafarta, an ɗan rufe shi da guntun kwano. Ladan ya yi gyaran murya a lasifika. Gidan ya yi tsit, irin tsit ɗin da kaji ma suke girmamawa.

Sai ta ji nishi.

Nishi ne na tsoho, mai fitowa daga can cikin ƙirji, irin na wanda ya ɗauko kaya daga nesa ya rasa mai sauke masa. Ta ɗauka wani dattijo ne cikin leburori ya makara a ramin. Yarinya ce da aka yi wa tarbiyya, ba ta iya ganin babba da kaya ta wuce. Ta leƙa duhun ramin ta ce, "Sannu Baba. Kawo in kama maka."

Nishin ya tsaya. Daga ƙasa wata murya ta ce, a hankali, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kama."

Butar ta faɗi. Hajiya Sailuba ta juyo ta ga 'yarta a durƙushe, kanta ya nutse tsakanin kafaɗu, hannayenta biyu a sama, tafukan a buɗe, suna tallafe da abin da babu mai gani.

Da ƙyar aka ja ta zuwa ɗaki. Aka kwantar da ita a gado, ƙafar gadon ta karye. Aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa, katifar ta lotse har ta zama kamar tabarma. Washegari aka kira ƙartin unguwa su ɗaga ta a sa a mota, suka kama, suka yi gumi, suka saki suna kallon juna. Yarinyar da iska ke iya kaɗawa ta gagari masu dako. Wata likita 'yar uwar Hajiya ta zo daga Wusasa ta duba ta, ta auna abin da za ta auna, ta ce ba ta ga karaya ba, ba ta ga zazzaɓi ba, amma jijiyoyin wuyan nan a ɗaure suke kamar na mai ɗauke da buhu. Ta rubuta magani, ta fita tana waiwaye.

Tayyiba ba ta kuka. Numfashi kawai take ja guntu-guntu. In an tambaye ta sai ta ce, "Da nauyi, Umma." Shi ke nan.

Kullum rana ta faɗi sai jifa ta fara. Tsakuwar da aka hau da ita sama ita ke dawowa, ɗaya bayan ɗaya, tana faɗowa tsakar gida ba gaggawa, kamar mai jifan yana hutawa tsakanin kowace. Wani lokaci rabin bulo ne zai faɗo ya tarwatse kusa da randa. A hau sama da fitila, babu kowa, sai tanki da inuwarsa. Ƙarƙashin ɗakin kudu kuma nishin nan yana tashi yana sauka, ya zama biyu yanzu, na tsoho da na yarinya, suna tafiya tare.

Alhaji Lado ya ce yaran maƙwabta ne. Ya ce hassada ce, mutum bai isa ya ɗaga kai a birnin nan ba sai an nemi a danne shi. Ya faɗi haka a zaure da babbar murya, ya shiga ɗaka ya kasa cin tuwo. Don kada a ce ya tsorata, ya sa magini ya ƙara layi. Ana cikin jerawa, da hantsi, Tayyiba ta yi wani sauti da ba na mutane ba, goshinta ya kai ƙasa, jini ya ɓalle mata ta hanci.

Hajiya Sailuba ta fito tsakar gida ba mayafi. Matar da ba a taɓa jin muryarta a zaure ba ta ɗaga kai ta ce wa magini ya sauko. Sannan ta juyo ga mijinta.

"Alhaji, ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Duk bulon da aka ɗora a can, a wuyan 'yata yake sauka. Jiya tana iya haɗiye kunu. Yau ba ta iya."

"Haba Sailuba, wace irin magana ce..."

"Shiga ka gan ta. Tun shekaranjiya a bakin ƙofa kake tsayawa. Shiga."

Ya shiga. Ya tsuguna, ya sa hannu a ƙarƙashin haɓarta zai ɗago fuskar, ya ji kamar yana ƙoƙarin ɗaga turmi da yatsa. Idanunta kawai ta iya juyowa. Ta ce, "Baba, ka ce su zo su karɓa. Na gaji."

Bai aiki kowa ba. Da ƙafarsa ya fita ta Ƙofar Kuyambana, ya manta hula, ya nufi gindin dutsen Kufena inda Malam Zaharaddini yake da zama, malamin da aka sani da karatu da ƙarancin magana.

Malam ya iso ana fitowa daga sallar magariba. Dattijo ne siriri, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya zaga ɗakin kudu ta waje, ya tsaya a bakin ramin, ya yi sallama. Sannan ya shiga, ya zauna a kan buzu kusa da kan yarinyar, ya sa uwar ta riƙe hannunta, uban kuma ya zauna a bakin ƙofa. Ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Jifa ta tsaya. Iskar ɗakin ta yi kauri, har wutar fitila ta rage tsawo. Aka daɗe a haka.

Bakin Tayyiba ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Wa alaikumus salam, Malam. Ka sassauta, ni ma musulmi ne. Kai ne na farko da ya yi mini sallama tun rasuwar tsohuwar gidan nan."

"Wane ne kai, bawan Allah?"

"Bahago ake ce mini. Rijiyar rinin nan gidana ce tun ba a yi ganuwa ta wannan gefen ba."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Alheri. Ita ta ce in kawo ta kama mini."

"Ba ta san da wa take magana ba. Alkawarin da aka yi cikin rashin sani ba ya ɗaure mutum, ka sani."

"Na sani. Ni ma ba a tambaye ni ba aka ɗora mini bene."

Malam ya bar shi ya ci gaba. Muryar tana fita tana yankewa, kamar mai magana a kan hanya da kaya a ka.

"Kakan wancan da ke bakin ƙofa ya gina ɗakin nan, kusurwar ta zauna. Ya sake ginawa, ta sake zama. Ya zo ya yi mini sallama, muka yi magana ta mutunci. Ya ce ba zai cike mini rijiya ba, ni kuma in sa kafaɗa in riƙe masa kusurwa. Laka ce da azara, abin da bai fi gammo ba. Sharaɗi ɗaya, kada a ƙara mini ko tsinke. Aka zo aka sa kwano, na yi shiru. Wannan ya zo ya zuba kankare, na yi shiru, na ƙara ɗaya kafaɗar. Yanzu bulo, da ruwa a cikin tanki. Malam, na tsufa. Da yarinyar nan ba ta kama ba, da tun ranar ɗakin ya rufta da ita a ciki."

Hajiya Sailuba ta toshe bakinta da gefen zani.

Malam ya ce, "Duk da haka zalunci ne. Ka fita daga jikinta, ko in ci gaba da karatu."

"Ka ci gaba, zan fita, ba ni da ƙarfin jayayya. In na sake ta, kayan ya dawo kaina ni kaɗai, ba zan kai asuba ba. In ka kore ni daga gidan gaba ɗaya, to ku fara fitar da mata."

Daidai nan wani siririn yashi ya zubo daga kusurwar rufin, ya taru a kan buzun Malam. Kowa ya gani.

Alhaji Lado ya matso da gwiwa. Ko a wannan hali dabara ba ta bar shi ba, don mutum ba ya sauya hali a rana ɗaya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a tambaye shi ko rago yake so. Ko sa. Baƙi ko fari, yanzu a kawo."

"Ba a yanka wa aljani a gabana," in ji Malam, bai ko dube shi ba.

Muryar ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ina ƙarƙashin gida yana tambayata ko zan ci nama. A sauke mini kaya, shi ke nan buƙatata."

"Gobe da sassafe leburori za su sauke," Lado ya yi caraf ya ce. "Har in ƙara wasu."

"Leburori ba su san da ni ba. Kai ka sani, an zane ka a kan ɗakin nan. Kai za ka sauke, da kanka, a kan wuyanka. Ina so wuyanka ya ji abin da nata ya ji."

Lado ya dubi Malam, Malam yana kallon carbinsa. Ya ce, a hankali, "To... in an yi sallar isha, lungu ya ɗauke ƙafa, sai in fara."

"Da rana ka ɗora," in ji muryar.

Malam Zaharaddini ya ɗago. "Bahago, ka ji nawa sharaɗin. Duk abin da ya sauke, ka rage mata daidai shi, nan take. In ya gama ka fita daga jikinta, ba ka ba ta har abada. Sannan ka ci gaba da riƙe kusurwar har a gama ginshiƙan da ake haƙa wa ramuka, su bushe, su karɓe ka. Daga nan ka nemi wani wuri, an sallame ka. Ka rantse."

"Na rantse da wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi. Amma duk gaɓar da za su haƙa, su yi mini sallama tukuna, in janye hannuna. Rannan diga ta same ni a yatsa."

Malam ya juya ga maigidan. "Alhaji, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni nawa ya ƙare. Saura naka."

Gari na wayewa Alhaji Lado ya buɗe tankin, ruwa ya kwarara ta indararo. Daga ɗaki Hajiya ta ce yarinyar ta ja dogon numfashi. Ya naɗe tsohon rawani ya yi gammo, ya tuɓe babbar riga, ya tsaya daga shi sai 'yar shara. Matakalar katako da leburori suka kafa ta waje take, ta cikin lungu, babu wata hanya. Ya ɗauki bulo na farko ya aza a ka, ya sauko.

Kafin hantsi lungu ya cika. Masu zuwa kasuwa suka tsaya, mata suna leƙe ta saman katanga. 'Yan majalisa suka taso da tabarmarsu.

"Alhaji, motsa jiki ake yi?"

"Likita ne ya rubuta masa bulo, safe da yamma."

"A'a, ku bar shi, benen ne bai yi masa ba, zai mayar kanti."

Alhaji Lado ya koma ya ɗauko wani bulon. Shi da ko jakar hannu sai an riƙe masa, ga shi yana hawa yana sauka, siminti ya yi masa furfura ta biyu. Leburorinsa suka matso za su karɓa, ya girgiza kai. Waɗanda aka riga aka jera da siminti sai da ya sa guduma ya ɓamɓare. Tafukansa suka fashe. Bayan azahar masu tsokana suka yi shiru, domin labari ya fito daga cikin gida, kuma duk saukowar da ya yi sai a ji muryar Hajiya ta taga tana cewa ta ɗaga haɓa, ta sauke hannu ɗaya, ta sha ruwa. Wani dattijo cikin 'yan majalisar ya tashi ya riƙe masa gindin matakala.

Yini bai isa ba, sai da ya kwana ya sake yini. Rana ta yi ja a rana ta biyu lokacin da ya tsaya a saman dakin, ya duba, babu saura sai bulo ɗaya a can kusurwar kudu. Shi ne na farko da aka jera, wanda ya aza da hannunsa ranar da aka fara, ya sa aka ɗauke shi hoto, ya rubuta sunansa da ƙusa a jikin ɗanyen siminti. Ya tsaya yana kallonsa. Bulo ɗaya, me zai auna? A bar shi ya zama shaida cewa an taɓa farawa, kada gobe a ce mafarki ya yi. Daga ƙasa ma ba a hango shi. Ya jawo yagaggen buhun siminti ya rufe shi, ya sauko ya ce ya gama.

Tayyiba tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, karo na farko, uwarta na ba ta kunu. Malam yana gefe. Ta ga ubanta ta yi murmushi, ta ce, "Sannu Baba." Ta kai kofi baki, kunun ya zubo ta gefen leɓe, domin kanta a karkace yake, ya kwanta kaɗan wajen kafaɗar hagu. Ta yi ƙoƙarin miƙe shi, ta kasa, ta goge bakinta ta sake murmushi don kada ya damu.

"Ba komai Baba, wannan kaɗan ne. Zan iya da shi."

Malam bai dube shi ba. Hajiya ma ba ta dube shi ba. Ladan ya yi gyaran murya.

Alhaji Lado ya ɗauki guduma ya koma lungu. Gwiwoyinsa sun ƙi, ya hau matakalar da hannu da ƙafa. Aka ji bugu daga sama, aka sake ji, siminti ya kama sosai. Da ya sauko, bulon yana kansa ba gammo, gefen ya yanke masa goshi. Ya shigo har tsakar gida ya dire shi a gaban 'yarsa.

Tayyiba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta sake. Wata iska mai warin tsohon baban rini ta ratsa tsakar gidan ta shige ramin gindin katanga. Yarinyar ta ɗaga kai sosai, ta juya shi dama, ta juya hagu, ta kalli sama inda jemagu ke wucewa, sannan ta fashe da kukan da ta kasa yi tun ranar farko.

Rilwanu ya dawo ya tarar da saman dakin fayau, da kawunsa a kwance ana gasa masa wuya da tsumma. Aka ba shi labari, ya saurara, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Amma duk gaɓar da za a haƙa, shi ke fara tsugunawa a bakin ramin ya yi sallama, kafin diga ta sauka. Aka bi katangar a hankali, nan a haƙa, nan a tsallake, har ginshiƙai suka taka ƙasa mai tauri ta kowane gefen rijiyar, ita kuma aka yi mata murfi ba a cike ta ba.

Ranar da kankaren ƙarshe ya bushe, Malam ya sa kowa ya fito lungu da almuru. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Bahago, an karɓe ka. Allah ya ba da lada." Ginin ya yi wata 'yar ƙara, kamar mutum ya gyara zama, ƙura ta zubo daga kusurwar kudu, ya tsaya. Can ƙasa aka ji an sauke numfashi, dogo, irin na wanda ya iso gida.

Rilwanu ya ce yanzu harsashin zai ɗauki bene har biyu, in Kawu ya shirya. Alhaji Lado ya dafa wuyansa, ya dubi saman gidan, ya dubi Tayyiba da ke tsaye sambal a gefen uwarta.

"Wa ya ce maka ina son bene? Ni da gwiwa ke damuna. Ku ne dai kuka matsa mini."

Allah ya sa kayan da muka ɗora ya sauka a wuyanmu, kada ya sauka a na 'ya'yanmu.